Sauro Ma Yana Sauya Salo: Inda Binciken Zazzaɓin Cizon Sauro Ya Kai

Daga 1969 zuwa 1976, Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun gudanar da wani babban bincike a gundumar Garki, wadda a lokacin take cikin jihar Kano, yau kuma tana Jigawa. Tambaya ɗaya aka je nema wa amsa: idan aka haɗa makaman da ake da su gaba ɗaya, aka kashe kuɗi ba tare da ƙyashi ba, za a iya yanke zazzaɓin cizon sauro a ƙauyukan irin wannan yanki? An fesa magani a bangon ɗakuna, an raba wa jama'a ƙwayoyi, yara da manya, an riƙa ɗibar jini ana dubawa, an riƙa kama sauro ana ƙirgawa. Cutar ta ragu ƙwarai, mutuwar jarirai ma ta ragu. Amma yaɗuwarta ba ta tsaya ba, kuma da aka janye hannu sai ta koma gidan jiya. Daga cikin dalilan da aka gano akwai cewa wani kaso na sauron ba ya sauka a bangon da aka fesa. Da ya sha jini sai ya fice ya huta a waje.

Shekaru hamsin bayan nan, cutar tana nan da ƙarfinta. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya ƙiyasta cewa a 2023 an kamu da maleriya sau miliyan 263 a duniya, mutum 597,000 suka rasu. Kusan kashi 31 cikin 100 na mamatan a Nijeriya suke, kusan kashi 6 a Nijar. Mafi yawansu yara ne da ba su cika shekara 5 ba. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin yara na asibitin gwamnati a watan Satumba ya san fuskar waɗannan alƙaluma: yara biyu ko uku a gado ɗaya, wani yana jijjiga, wani ana nema masa jini.

Duk da haka, a 'yan shekarun nan an sami ci gaban da ba a taɓa ganin irinsa ba, kuma daga fannoni daban-daban ya zo: masu haɗa allurar rigakafi, masu nazarin ƙwari, masu nazarin ƙwayoyin gado (wato sassan da ke tsara halitta, waɗanda ake gada daga iyaye), masu nazarin yanayi da tsarin birane. Idan aka karanta sakamakonsu tare, hoto ɗaya ne ke fitowa. Abokin gabar nan abu ne mai rai. Sauron yana sauyawa, ƙwayar cutar da yake ɗauke da ita tana sauyawa, muhallin da suke rayuwa a ciki ma yana sauyawa. Saboda haka kowane makami da aka ƙera yana da wa'adi, kuma tsawon wa'adin ya dogara ga yadda aka yi amfani da shi.

Allurar rigakafi ce ta fi ɗaukar hankalin jama'a, don haka bari a fara da ita. Me ya sa aka sami ta ƙyanda tun 1963 amma ta maleriya sai 2021? Bambancin yana cikin halittar abin da ake yaƙa. Bairos ɗin ƙyanda ƙwayoyin gado shida kacal gare shi. Ƙwayar maleriya mai kisa, wadda masana ke kira falsifarum, tana da sama da 5,000, kuma siffarta ba ɗaya ba ce. Idan tamatar sauro ta ciji mutum, tana zuba masa ƙwayoyin a wata siffa siririya, su bi jini su shige hanta cikin ɗan lokaci. A hanta suke yin kamar mako guda ba tare da mutum ya ji komai ba, kowace ɗaya ta hayayyafa ta zama dubbai. Daga nan su fito su auka wa jajayen ƙwayoyin jini, su riƙa fasa su duk bayan kwana biyu. A nan zazzaɓi, sanyin jiki da ƙarancin jini ke farawa. A wannan matakin kuma ƙwayar tana da ƙwayoyin gado kusan 60 da take amfani da su tana canza alamar da ke bayan jajayen ƙwayoyin da ta shiga. Kafin garkuwar jiki ta gane alama ɗaya, ta koma wata.

Allurai biyun da ake da su yau, RTS,S da R21, duk sun nufi ɗan gajeren lokacin nan ne tsakanin cizo da shiga hanta. Suna koya wa jiki gane wani furotin da ke lulluɓe da ƙwayar a siffarta ta farko. Matsalar ita ce tazarar kaɗan ce, sannan ko ƙwaya ɗaya ce ta kuɓuta ta kai hanta, ta isa ta kwantar da yaro. Shi ya sa ake bukatar garkuwa mai yawa a jini a kowane lokaci, shi ya sa kuma kariyar ke raguwa bayan watanni, har sai an ƙara wata allurar.

An fara aikin RTS,S a 1987 a kamfanin magungunan da yanzu ake kira GSK. A babban gwajin da aka yi a ƙasashen Afirka bakwai, ta rage kamuwa da kusan kashi 36 cikin 100 a tsawon shekaru huɗu ga yaran da suka karɓi allurai huɗu. Mutane da yawa sun raina wannan adadi. Amma da aka shigar da ita asibitocin Gana, Kenya da Malawi daga 2019, aka yi wa yara sama da miliyan 2, sai aka ga mutuwar yaran da suka kai shekarun karɓarta ta ragu da kashi 13 cikin 100, mutuwa ta kowane dalili. A wurin da cuta ta yi katutu, kariyar da ba ta cika ba ma rayuka masu yawa take tsarewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a Oktoba 2021, Kamaru kuma ta zama ƙasa ta farko da ta sa ta cikin rigakafin yau da kullum a Janairu 2024.

Ita kuwa R21, a Jami'ar Okisfod ta Ingila aka tsara ta, kamfanin Serum Institute na Indiya ke sarrafa ta da yawa kuma da araha. Gwajin da ya fito da sunanta a Nanoro ta Burkina Faso aka yi shi, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Halidu Tinto, inda a 2021 aka sami kariya ta kashi 77 cikin 100. Babban gwajin da ya biyo baya, mai yara 4,800 a Burkina Faso, Mali, Kenya da Tanzaniya, ya nuna kashi 75 a wuraren da cutar ke bin damina, kashi 68 a inda take shekara. Kuskure ne a jera 36 da 75 a ce wannan ta ninka waccan, domin tsawon bibiya da lokacin yin allurar sun bambanta. Idan aka yi kowace daga cikinsu dab da faɗuwar damina, sakamakonsu kusan ɗaya ne. Nijar ta fara rigakafin a Gaya a Satumba 2024. Nijeriya ta fara da R21 a Disamba 2024 a jihohin Kebbi da Bayelsa, kuma zaɓen Kebbi yana da hujja: binciken ƙasa na 2021 ya sami ƙwayar cutar a jinin kusan rabin ƙananan yaran jihar, alhali matsakaicin ƙasa kashi 22 ne. Jadawalin shi ne wata 5, wata 6, wata 7, sai ta huɗu a wata 15. Wannan ta huɗun ce abin damuwa, domin iyaye da yawa sun saba cewa da an yi allurar ƙyanda a wata 9 an gama da asibiti.

Binciken da na fi ganin ya shafe mu bai yi suna kamar waɗannan ba. Tun 2012 ake da tsarin bai wa yara maganin kariya wata-wata a damina, wanda ma'aikata ke bi gida-gida suna rabawa a Kano, Katsina, Sakkwato, Maraɗi, Damagaram da sauran yankin Sahel. A 2023 ya kai ga yara miliyan 53, fiye da rabinsu a Nijeriya. Masu bincike a Mali da Burkina Faso suka raba yara kusan 6,000 gida uku: wasu allura kaɗai, wasu maganin damina kaɗai, wasu duka biyu. Sakamakon da aka wallafa a 2021 ya nuna cewa waɗanda aka haɗa wa biyun sun sami ragin kamuwa da kusan kashi 63 cikin 100, da ragin mutuwa ta dalilin maleriya da kusan kashi 73, idan aka gwada su da masu shan maganin damina kaɗai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Duk jami'in da zai gabatar wa iyaye allurar a matsayin madadin gidan sauro ko maganin damina, cutar da su yake yi, kuma ranar da yaron da aka yi wa allura ya kwanta da zazzaɓi, amanar da aka gina za ta rushe.

Gidan sauro mai magani shi ne gwarzon shekarun baya. Wani nazari na 2015 ya ƙiyasta cewa daga 2000 zuwa 2015 an kauce wa kamuwa sau miliyan 663 a Afirka, kuma kashi 68 cikin 100 na wannan nasara aikin gidan sauro ne. Sai dai shekara da shekaru dangin guba ɗaya ake jiƙa su da shi, wanda ake kira firetiroyid, saboda ba ya cutar da mutum, yana kashe ƙwaro nan take, kuma ba shi da tsada. Idan aka fesa wa sauro miliyan guba ɗaya, 'yan kaɗan da halittarsu ta ɗan bambanta za su tsira, su ne kuma za su haifi na gaba. Wasu sun sami sauyi a jijiyar da gubar ke kamawa, wasu jikinsu ya koma samar da sinadaran da ke narkar da ita kafin ta yi aiki. Noma ma ya taka rawa: dangin wannan guba ake fesa wa auduga, wake, tumatir da shinkafa, ruwa ya wanke ta zuwa kududdufin da tsutsar sauro ke girma, sai ta tashi ta saba da ita tun kafin ta yi fiffike. Masu bincike a Jami'ar Bayero ta Kano da abokan aikinsu sun nuna irin wannan juriya mai ƙarfi a sauron arewacin Nijeriya, Nijar da Chadi.

Martanin da aka mayar shi ne gidan sauro mai guba biyu. Irin su Interceptor G2 sun haɗa tsohuwar gubar da wata mai suna kulofenafir, wadda ba ruwanta da jijiya, ɓangaren da ke samar wa jikin ƙwaron ƙarfi take lalatawa. A gwaje-gwajen Tanzaniya da Jamhuriyar Binin, yaran da ke kwana a cikinsu sun sami ragin kamuwa da kusan rabi idan aka gwada da tsohon gidan sauro, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da su a Maris 2023. Wannan ma ba zai dawwama ba idan aka maimaita halin da aka yi da na farko.

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana ɗaure wa masana kai, kuma duk mutumin Sahel zai iya yin ta da kansa. Daga Nuwamba zuwa Mayu, kududdufai sun ƙafe, iska ta bushe, sauro ba ya wuce makonni kaɗan a raye, ƙwansa kuma ba ya jure bushewa. To daga ina yake fitowa da yawa haka kwanaki kaɗan bayan ruwan farko? Wata tawagar masana ta Mali da Amurka ta shafe shekaru a ƙauyukan Mali tana bin wannan sawu. A ƙarshen daminar 2008 suka shafa wa sauro kusan 7,000 alama suka sake su. Bayan wata bakwai, a farkon damina, suka kama tamata ɗaya da alamarta. Guda ɗaya ce tak, amma ta nuna cewa wani nau'in, Anofilis koluzi, yana iya laɓewa ya rage aikin jikinsa har rani ya wuce. Ƙirgar da suka ci gaba da yi shekara bayan shekara ta ƙarfafa wannan fahimta: shi koluzi da ruwan farko yake bayyana, sauran nau'o'in kuwa sai damina ta yi nisa.

Su waɗannan sauran fa? Tawagar ta ɗaura raga mai danƙo a jikin manyan balan-balan, ta riƙa ɗaga su sama da dare, tsakanin mita 40 zuwa 290. A 2019 ta bayyana abin da ta samu: sauro na tafiya a can sama, iska na ɗauke da shi, kuma lissafi ya nuna zai iya cin kilomita har 300 a dare ɗaya. Fiye da kashi 80 cikin 100 na waɗanda aka kama mata ne, kuma mafi yawansu sun sha jini kafin su tashi. Kafin wannan, abin da aka ɗauka shi ne sauro ba ya nisa da inda aka ƙyanƙyashe shi fiye da 'yan kilomitoci. Ma'anar sabon binciken tana da nauyi. Sauro mai jure guba da ya bayyana a gonar auduga ta wata ƙasa zai iya kai gadonsa wata ƙasar cikin damina ɗaya, haka ma ƙwayar cuta mai jure magani. Jihar da ta tsabtace kanta ba ta tsira ba muddin maƙwabtanta ba su yi ba. Akwai kuma dama a ciki: idan aka gano maɓoyar koluzi a rani, lokacin da yawansa ya fi ƙanƙanta, a nan ne za a fi yi masa illa da ƙaramin kuɗi.

Sannan ga baƙo. Anofilis sitifensi sauron Indiya ne da yankin Larabawa, an fara ganinsa a Afirka a Jibuti a 2012. A wannan shekarar ƙasar tana dab da rabuwa da cutar, mutum 27 kawai aka samu da ita. A 2020 adadin ya haura 73,000. An same shi a Habasha da Sudan a 2016, a Somaliya a 2019, a jihar Gombe ta Nijeriya a 2020, a Kenya da Gana a 2022. Halinsa ne abin tsoro. Sauronmu na gida ya fi son ruwan sama da ya kwanta a ƙasa, shi ya sa maleriya ta fi yawa a karkara kuma take bin damina. Shi kuwa baƙon a tankin ruwa, duro, rijiyar siminti, tsohuwar taya da ramin magina yake hayayyafa. Rani ba ya dakatar da shi. A birnin Dire Dawa na Habasha, a 2022, aka sami ɓarkewar cutar a tsakiyar rani, sama da mutum 2,400 cikin 'yan watanni, a garin da a 2019 ba a sami fiye da ɗari biyu da 'yan kai ba, kuma bincike ya danganta ta da shi. Ya fi kwana a turken dabbobi da waje, kuma yana jure yawancin gubar da ake da ita. Wani nazari na 2020 ya ƙiyasta cewa zai iya jefa ƙarin mazauna birane miliyan 126 cikin haɗari.

A nan ne maganar lafiya ta zama maganar famfo. Duk unguwar da ruwa ba ya zuwa, dole kowane gida ya tara a duro da tanki, dole a sayi na 'yan garuwa a ajiye. Kano, Kaduna, Maiduguri, Yamai da Damagaram duk haka suke rayuwa. Rufe mazubin ruwa da kyau da zuba maganin kashe tsutsa a manyan tankuna zai taimaka, amma hukumar ruwa da ta tsara birane sun shiga cikin masu alhakin yaƙin, ko sun sani ko ba su sani ba. Sauyin yanayi kuma ba hanya ɗaya yake bi ba. Bincike ya nuna yaɗuwar cutar ta fi ƙarfi a zafin da ke kusa da digiri 25, idan zafi ya tsananta sosai sauron kansa wahala yake sha. Abin da ya fi fitowa fili shi ne ɓarnar ambaliya: bayan ta Pakistan a 2022, masu cutar sun tashi daga kusan 500,000 zuwa miliyan 2.6 a shekara ɗaya. Bayan abin da fashewar madatsar Alau ta yi wa Maiduguri a Satumba 2024, ba ma bukatar a yi mana bayanin yadda hakan ke faruwa.

Ita ma ƙwayar cutar ba ta zauna ba. Manyanmu sun san kulorokwin, maganin da ya yi shekaru yana aiki da araha, har juriya ta taso daga kudu maso gabashin Asiya, ta iso gabashin Afirka a 1978, ta bazu, mutuwar yara ta ƙaru. Nijeriya ta sauya zuwa magungunan haɗi masu atemisinin a 2005. Wannan sinadari daga wani tsiro ɗan uwan tazargade aka samo shi, aikin da ya ba Tu Yuyu ta ƙasar Sin kyautar Nobel a 2015. A wajen 2008 aka lura a Kambodiya cewa ya fara jinkirin share ƙwayar daga jini, daga baya aka gano sauyin a wata ƙwayar gado mai suna kelch13. An yi ta fargabar kada ya tsallako Afirka. Abin da ya faru ya fi haka tayar da hankali: irin wannan sauyi ya tsiro da kansa a Ruwanda, Yuganda, Iritiriya da Tanzaniya, ba tare da an kawo shi daga Asiya ba. Har yanzu magungunan haɗin suna warkarwa, domin abokin haɗin yana ƙarasa aikin, amma nauyin da ke kansa ya ƙaru. Duk lokacin da aka sayi rabin magani a kemis, ko aka daina sha a rana ta biyu don jiki ya yi sauƙi, ko aka yi allurar atemisinin ita kaɗai ga zazzaɓin da ko gwaji ba a yi ba, ana ba ƙwayoyin da suka fi taurin kai damar tsira ne.

Wani sauyin ya fi wannan ban mamaki. Ɗan kayan gwajin gaggawa da ake ɗiga wa jini wani furotin na ƙwayar yake nema. A yankin ƙahon Afirka an sami ƙwayoyin da suka zubar da ƙwayar gadon da ke samar da furotin ɗin gaba ɗaya. Gwaji zai nuna babu cuta, a sallami mai ita ba magani, ƙwayar ta ci gaba da yaɗuwa, alhali 'yan uwanta da gwajin ya kama an kashe su. A Iritiriya abin ya kai sai da aka sauya nau'in kayan gwajin a 2016.

Masu haɗa magani sun motsa. A Yuli 2025 hukumar magunguna ta Suwizalan ta amince da Coartem Baby, magani na farko da aka auna musamman don jarirai masu nauyin ƙasa da kilo 5, kuma Nijeriya na cikin ƙasashen Afirka takwas da suka shiga tantance shi. A ƙarshen shekarar aka sanar da kyakkyawan sakamakon babban gwajin wani sabon haɗi mai sinadarin ganafilasid, wanda babu atemisinin a cikinsa. A Mali, garkuwar da aka haɗa a ɗakin gwaji aka ɗura wa manya sau ɗaya ta ba da kariya ta kashi 88 cikin 100 na tsawon wata shida, wato damina guda. A Kenya, raba maganin aibamektin, wanda aka daɗe ana bayarwa a nan don makantar bakin kogi, ya rage kamuwa da kashi 26, saboda sauron da ya sha jinin mai maganin mutuwa yake yi.

Mafi girman buri, kuma mafi jawo gardama, shi ne sauya halittar sauron kansa. A ƙa'ida, kowace ƙwayar gado rabin 'ya'ya take kaiwa. Da fasahar CRISPR, wadda ke yanka da gyara ƙwayoyin gado, masana sun ƙera wadda ke kwafar kanta ta yadda kusan duk 'ya'yan za su gaje ta. A 2018, a Kwalejin Imperial da ke Landan, aka ɗora wannan a kan ƙwayar gadon da ke tantance jinsi. Matan da suka gaje ta ta uwa da uba ba sa iya cizo, ba sa yin ƙwai. A cikin keji, zuriyar sauron ta ƙare ƙaf bayan haihuwa bakwai zuwa goma sha ɗaya. Ba a taɓa sakin irin wannan sauro a fili ba. Abin da shirin Target Malaria, mai binciken wannan fasaha, ya saki a ƙauyen Bana na Burkina Faso a 2019 mazan da ba sa haihuwa ne, don koyon yadda aikin zai kasance. A Agusta 2025, kwanaki kaɗan bayan wani sakin na biyu, gwamnatin ƙasar ta dakatar da shirin baki ɗaya.

Ina ganin ɓangarorin biyu suna da magana. Nau'o'in sauro sun kai 3,500, 'yan kaɗan ne ke kashe mana yara, kuma fasahar da ba ta bukatar uwa ta tuna ranar allura ko uba ya nemo kuɗin magani tana iya kai wa ga rugar da ma'aikacin lafiya bai taɓa takawa ba. Amma abin da aka saki ba ya dawowa, kuma binciken balan-balan ya riga ya nuna mana cewa sauron da aka saki a Burkina Faso zai iya kwana a Nijar. Wa zai ba da izini a madadin waɗanda ke ƙetaren iyaka? Mu da muka ga gwajin maganin Trovan a kan yara masu sanƙarau a Kano a 1996, muka ga yadda raunin da ya bari ya taimaka wajen ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003, mun san tsadar binciken da jama'a suka ji an yi shi a kansu ba tare da su ba. Ba na goyon bayan rufe ƙofar wannan fasaha. Ina goyon bayan a ce masananmu su san ta ciki da waje, hukumominmu su iya tantance ta da kansu, malamai da sarakuna da mata su ji bayaninta da harshensu tun kafin a kawo keji.

Duk waɗannan sakamako sa ido ne ya haifar da su. Wani ne ya zauna da madubin ƙara girma ya gane cewa sauron da aka kamo a Gombe ba na gida ba ne. Wani ne ya lura a arewacin Yuganda cewa jinin marasa lafiya na jinkirin tsarkaka. Irin wannan aiki ba ya fitowa a talabijin, shi ne kuma ake fara yankewa idan kuɗi ya yi ƙasa. A 2023 dala biliyan 4 aka samu don yaƙi da cutar a duniya, alhali biliyan 8.3 ake bukata, kuma a 2025 Amurka, wadda ta fi kowa bayarwa, ta rushe hukumarta ta USAID ta rage tallafin lafiya da take bai wa ƙasashen waje. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 cewa za su ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafinsu, Nijeriya ba ta kai ko kusa ba. Ministocin lafiya na ƙasashen da cutar ta fi addaba sun sake sa hannu a Yawunde a Maris 2024. Cape Verde da Masar kuwa a wannan shekarar aka ba su shaidar rabuwa da maleriya, kodayake yanayinsu ya fi namu sauƙi nesa ba kusa ba.

Allura da gidan sauro ana iya sayo su daga Indiya idan an sami kuɗi. Sanin ko sitifensi ya shiga tankunan Fagge ko Sabon Gari, ko maganin damina na ci gaba da aiki a Daura da Tasawa, ko kayan gwajinmu sun fara kuskuren cutar, wannan sai wanda ke nan zai iya. Yana bukatar masanin ƙwari a ma'aikatar lafiya ta kowace jiha, da albashinsa da motarsa, da ɗakin gwaji mai wuta a jami'o'in Kano, Zariya, Sakkwato, Maiduguri, Yamai da Maraɗi da zai iya karanta ƙwayoyin gadon samfurin da aka ɗebo a wannan daminar kafin ta gaba ta faɗi.